Makullin Oga Chidi

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da ta rage kwana biyu a ɗaura mini aure ba. Ko na so in manta ma gwiwata ta hagu ba za ta bari ba, duk sanda hadari ya haɗu sai ta tuna mini.

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni mutum ne mai gemu, mai aikin ofis a Abuja, wanda in ka gan shi da sassafe a bakin titi yana jiran mota za ka ce wannan bawan Allah matsalar ƙasa yake tunani. To ba ita ba ce. Kokawar Turawa nake tunani, wadda ake ce wa resilin, kuma tsohuwa, wadda aka yi tun ana goya ni ko ma kafin nan. Cunkoson Madalla ne ya jefa ni a ciki. Mutum ya yi awa biyu a mota, an matse shi su huɗu a baya, me zai yi? Wasu barci, wasu zagin gwamnati, ni kuwa in toshe kunne in buɗe waya in tafi Japan.

Daga kallo sai na koma sharhi. Na buɗe shafi, duk ƙarshen mako in ɗauko tsohon wasa ɗaya in yi masa filla-filla da Hausa. Na yi na Japan, inda katti biyu za su tsaya suna ta sarar ƙirjin juna da hannu, 'yan kallo sun yi tsit kamar a ɗakin jarrabawa. Na yi na Meziko, masu rufe fuska suna shawagi daga kan igiya. Na yi na Ingila, dattawa masu tumbi cikin ɗan guntun wando, tsofaffin mata a layin gaba suna kwaɗa wa mugun ciki jakar hannu. Maki kuma da tsinken tsire nake bayarwa, wasan da ya burge ni ya samu tsinke biyar, wanda ya ɓata mini data ya tashi da albasa kawai. Har mutane suka sa mini suna Farfesa (ni na fara kiran kaina haka, amma wannan ya tsaya tsakaninmu).

Kowane sharhi kuma da magana ɗaya nake rufe shi, ina ɗaga yatsa sama: "Jama'a, duk shiri ne, babu mai jin zafi."

Wannan maganar ce ke ƙona ran maƙwabcina Oga Chidi. Ɗakinsa na kallon nawa a gidan hayarmu, tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa, shekararsa talatin a Suleja, ya fi ni sanin karin magana. Ƙato ne na gaske, kwali uku na tayil yake ɗauka yana amsa waya, kuma ya ce da ƙuruciya shi ne zakaran kokawar ƙauyensu. Shekara uku muna musu a kan benci ɗaya.

"Farfesa, ka taɓa faɗowa daga kan igiya?" zai ce.

"Ba sai na faɗo ba, Oga. Ilimi ne."

"Ilimin waya! Abeg, don Allah ka bar faɗin abin da jikinka bai sani ba."

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Nafisa, wadda zan aura, 'yar wani tsohon hedimasta ce a Kurmin Sarki. Baba mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ɗalibansa masu furfura har yau in sun hango shi sai sun gyara hula. An ce ya taɓa korar manemin yayar Nafisa don kawai ya zo zance da wando mai yagaggiyar gwiwa. Da ya tambayi Nafisa abin da nake yi in na taso aiki, sai ta ce nazari nake a kan wasannin ƙasashen waje (Allah Ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri). Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla, yaro mai karatu.

Da aka sa rana ta kira ni gefe ta ce, "Don girman Allah ka ɗaga wa waɗannan katti masu kamfai ƙafa har a ɗaura. In Baba ya gan ka kana wannan shirmen, wallahi ni da kai mun kaɗe."

Na dafa ƙirji na yi alkawari. Alkawarin ya yi kwana tara cif.

Abin da ya karya shi wani tsohon wasan Japan ne da na taɓa ba tsinke biyu. A ciki an kwantar da mutum rigingine, an harɗe ƙafafunsa kamar lamba huɗu, ɗayan ya zauna ya danne, wanda aka kama yana ta ihu yana dukan ƙasa. Ni na sa wa kamun suna makulli, na ce ko jariri aka yi wa ba zai farka ba. Oga Chidi ya ce in na isa in kwanta ya gwada mini. A gaban mutane ya faɗa, har da mai shayin layinmu. Sai wani abu ya hau mini kai, na ce ai kuwa ga shirin bankwana da tuzuranci, kai tsaye za mu haska a shafina, duniya ta shaida. Na ce wa raina Baba ai ƙaramar waya yake riƙewa, mai tocila, ina zai gani?

Bayan la'asar muka fito da katifata tsakar gida. Igiyar shanya ta zama igiyar fage. Babban abokina Nura ya riƙe waya da hannu ɗaya, murfin tukunya da ludayi a gabansa a matsayin ƙararrawa. Matan gida suka fito da kujerun tsuguno, wata har da gyaɗarta. Ni kuwa na yafa labulen ɗakina, na zagaya katifa sau biyu ina ɗaga hannu, ana tafi. Kai, ranar na ji ni a sama!

Kafin a kunna waya na ja su gefe na ba da umarnin da har gobe in na tuna sai na ciji yatsa.

"Oga, zan yi ihu, zan doki ƙasa, zan roƙe ka. Duk wasa ne, so nake in nuna wa jama'a yadda suke yi. Ko sunan uwata na kira kada ka sake ni sai Nura ya buga murfi. Nura, minti uku."

Oga Chidi ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?"

"Ni ne fa Farfesa."

Aka kunna. Na yi wa masu kallo sallama, na yi bayanin tarihin makulli da ƙasaita, na kwanta ina murmushi. Oga Chidi ya kama ƙafata ta hagu ya lanƙwasa, ya ɗora a kan ta dama, ya zura tasa a tsakani. Har nan lafiya lau, ina ma cewa, "Kun gani ko, kamar tausa." Sai ya zauna, ya jingina baya.

Jama'a! Ban san akwai wata jijiya da ta taso daga gwiwa ta wuce har cikin haƙori ba sai ranar. Wuta na gani. Ihun da na yi, kajin gidan baya sai da suka amsa.

"Wayyo! Oga, tsaya, tsaya!"

Matan gida suka kwashe da tafi. Nura ya matso da waya daidai fuskata yana cewa, "Kun ga yadda suke yi ko? Dubi fuskar nan, kamar gaske!"

"Nura, gaske ne! Buga murfin!"

"Allahu Akbar, har da sunana ya saka a ciki. Farfesa ke nan!"

Na doki katifa har hannuna ya gaji. Na rantse da Allah, na rantse da aurena, na ce da gaske nake, wallahi tallahi da gaske nake. Duk rantsuwa ɗaya sai dariya ta ƙaru. Maman Blessing ta ɗakin ƙarshe ta ce wannan yaron asara yake a ofis, fim ya kamata ya shiga. Hawaye suka fara zubo mini, Nura ya ce, "Ku duba, har hawaye ya iya kawowa, ba albasa ba komai!" Daga nan na kira Inna. Da ƙarfi na kira ta, sau uku, ni mai shekara talatin da biyu, ita tana can Tafa tana harkokin bikina ba ta san ana kashe mata ɗa ba.

Minti uku fa? Nura ya ga masu kallo na ta ƙaruwa, ya manta da agogo, ludayin ma ya faɗi ƙasa don dariya.

Da na ga babu sarki sai Allah, sai na buɗe baki na faɗi abin da na yi shekara uku ina ƙaryatawa: "Na yarda! Akwai zafi! Oga Chidi ne mai gaskiya, ni ban san komai ba!"

Nan take ya sake ni. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya sunkuyo ya ce a hankali (amma wayar ta ɗauka tsaf), "Tun ihun farko na san da gaske kake. Wannan maganar nake jira."

Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja, na sake kiran Inna, ya naɗe gwiwar da bandeji ya ce kada in kuskura in lanƙwasa ta har mako biyu. Nura ya goge bidiyon a daren, amma ina! An riga an kwafa. Da Nafisa ta kira ni ba ta ko gaishe ni ba, ta ce ya shiga guruf ɗin danginsu, gwaggonta ce ta tura. Na tambaya ko Baba ya gani. Ta ce ba ta sani ba, bai ce komai ba, kuma shirun Baba ya fi faɗansa tsoro. Kwana biyun nan, duk wayar da ta shigo sai in ce shi ke nan, an fasa.

Ba a fasa ba. Asabar aka ɗaura, babbar riga ta rufa mini asiri, na tsaya a bayan jama'a ina ɗingishi da dabara kamar yanga ce ta angwanci. Sai aka ce ango da abokansa su shiga su gaida surukai. A nan ne na tuna abin da na manta: ba a gaida suruki a tsaye.

Muka shiga falo. Baba na kan kujera, ƙannensa da aminansa sun kewaye shi, duk masu farin gemu. Abokaina goma sha biyu suka zube a kan gwiwa lokaci ɗaya. Ni kaɗai na rage tsaye a tsakiya, ƙiƙam kamar falwaya. Nura ya fara jan gefen rigata yana raɗa, "Durƙusa mana, ka haukace ne?" Wani dattijo ya yi gyaran murya. Baba ya sauke tabarau ya dube ni ta samansa.

Na ce a raina ko mutuwa ce sai na durƙusa. Na miƙar da ƙafar hagu gaba, na fara sauka a kan ta dama a hankali, ina cewa "Ina wuni, Baba." Saura kaɗan in isa ƙasa sai bakin babbar riga ya shiga ƙarƙashin diddigena. Na tafi da baya gaba ɗaya, tim! Rigingine, ƙafa ɗaya a sama, farin bandeji a fili, hulata ta gangara ta tsaya daidai gaban takalmin Baba. Kuma, Allah Ya yafe mini, bakina ya suɓuce: "Wayyo Inna!"

Ina kwance ina kallon fanka, ina lissafin yadda zan bar Suleja in koma Gawu Babangida da noma inda babu wanda ya san ni.

Sai na ji motsi. Baba ne ya sauko daga kujera, ya durƙusa kusa da kafaɗata. Ya ɗaga tafin hannu ya buga kafet, kamar alƙalin wasan resilin.

"Ɗaya."

Ya sake bugawa. "Biyu."

Ya dubi aminansa, ya buga na ƙarshe. "Uku. An cinye shi."

Dariyar da ta fashe a falon nan har mata suka leƙo daga cikin gida. Ranar na ga haƙoran Baba, duka, har da na Makka. Ashe tun talabijin na fari da baƙi yake kallon abin nan, lokacin yana kwalejin horon malamai, su cika ɗaki maƙil. Ya ce bidiyona sau huɗu ya sa jikarsa ta kunna masa. Ya ɗauki hulata ya kaɗe, ya ɗora mini a kai ina kwance, ya ce, "Da na so in yi fushi. Amma mutumin da zai ce bai san komai ba a gaban jama'a, ko da sai an murɗe masa ƙafa, ana iya zama da shi. Ka riƙe mini 'yata amana, Farfesa. Faɗuwar nan kuma na ba ta tsinke biyar."

Har yau ina sharhi, kuma yanzu Baba ne ke zaɓo mini wasannin Ingila, yana gyara mini sunaye da jan biro. Sai dai na sauya rufewa. Cewa nake, wanda zai ci an shirya shi, amma zafin nasu ne su kaɗai, ku girmama gwiwar mutane. Na kuma koyi cewa in za ka gaya wa ƙato kada ya saurari kukanka, ka fara tabbatar ba shi da tsohon musu da kai. Nafisa kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. In gardama ta yi tsawo a gida, sai kawai ta buga tebur ta ce, "Ɗaya." Ban taɓa bari ta kai biyu ba.