Garin Ƙarin Ƙarfin da Na Ɗura wa 'Yan Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na janyo wa kaina shekarar da nake uban ƙungiyar ƙwallon matasan unguwarmu a Anka (ban taɓa buga ƙwallo ba, furfura ce ta ba ni muƙamin).

Yaran kullum cikin mura, kafin hutun rabin lokaci sun fara haki. Na ji a rediyo wai 'yan wasan Turai na shan wani gari mai ƙara ƙarfi da garkuwar jiki. Sai na haɗa zogale da gyaɗa da riɗi, na kai niƙa wani ƙauye don kada a gan ni, na juye a gwangwani mai rubutun Turanci. Na ce daga ƙasar waje aka aiko mini. Suka riƙa damawa a kunu. Muka cinye 'yan Bukkuyum, na dinga yawo ina baza riga.

Ranan mai ɗakina ta tambayi inda na kai niƙan. Ina faɗi ta dafe ƙirji: "Malam, injin nan fa an ce har dutsen zinari yana niƙawa!"

Lokacin gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari tana kashe yara a ƙauyukanmu. Tuwo ya gagare ni. Da yaro ya yi tari a fili, sai in ce garina ne. In na yi shiru mutuncina na nan, amma jinin 'ya'yan mutane fa? Bayan La'asar na tara iyayensu a ƙofar gidana, na faɗi komai.

Mahaifin golanmu ya miƙe. "Mi kac ce, Baba? Ƙasar wajen taka ina ta?"

"Bayan gidana," na ce.

Wata tsohuwar maƙwabciya ta leƙo ta katanga: "Wanga zogalen da akuyata ka ci?"

Babu wanda ya yi dariya (da sun yi, da na ji sauƙi). Ni na yi jigilar yaran zuwa asibiti a babur aka ɗebi jini, ina ta salati har sakamako ya fito. Allah Ya tsare, ba a samu abin tsoro ba. Likita ya ce su ci abinci su yi barci, ni kuma in daina haɗa magani.

Na dai koyi aikin uban ƙungiya: ya kawo ruwan sha, ya yi addu'a, ya zauna.