Ranar da na ƙwace kyamarar baƙuwar amarya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan tsufa in manta sunan jikokina, da ranar da na fara aikin mufattisha a wani zauren biki a unguwar Shisha, nan ƙasa mai tsarki. Mufattisha ita ce matar nan da ke tsayawa a ƙofar ɓangaren mata tana karɓe jawwal, wato wayar hannu, da duk abin ɗaukar hoto, don mata su cire abaya su cashe hankali kwance. Gwaggo Zainabu ce ta roƙa min aikin, da sunanta aka ɗauke ni. Tun daga unguwar Hindawiyya har muka sauka a tasi take ja min kunne: "Ko 'yar sarki ce, mamnu', an hana! Kar ki ba ni kunya."

To ni dama Allah Ya yi ni da rawar kai. Ina cikin tattara jawwal sai ga wata farar mata, ita kaɗai, rataye da kyamara mai hanci kamar taɓarya. Na ce a raina, yau ga ranar yin suna. Na yi wuf na fizge abar. Ta fara bayani da Larabcin littafi, ta miƙo min wani kati. Na ƙura masa ido ina gyaɗa kai (rubutun Farisanci ne, ban gane komai ba, amma wa zai yarda ya nuna?). Na ce, "Halas, shi ke nan, ya ukti 'yar'uwata, zauna can." Na ajiye ta a kujerar roba a bakin ƙofa, na rungume kyamarar kamar jaririya.

Abin da ya ba ni haushi, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna abinta, ta harɗe hannu.

Can ciki aka saki kiɗan fitowar amarya, shiru. Aka sake, shiru. Ashe amarya ta rantse ba za ta sauko ba sai mai hotonta ta zo. Sai ga uwar amarya, Ummu Faisal, tana haki, Gwaggo na biye da ita. Ni kuwa na ɗaga kyamara sama, baki har kunne: "Hajiya, kwantar da hankalinki, na kama ta!"

Innalillahi. Matar nan Nasrin ce, 'yar jarida mai ɗaukar hoto daga Iran, ƙawar amarya tun suna karatu a waje. Aikin Umara ta zo yi, amarya ta roƙe ta ta ɗauki hoton bikin. Ummu Faisal ta ce, "Zainabu, wannan kika kawo min?" Gwaggo ta sunkuyar da kai. Wallahi na ji kunya, har hawaye suka zubo min.

Nasrin ce ta cece ni. Ta ce a bar ni, aikina na yi. Bayan an gama hotuna ta dawo ta same ni ina ta ba da haƙuri, "ma'alesh, ma'alesh". Ta yi dariya ta ce, "Ai na saba. A ƙasarmu an tsare ni a ƙofar filin ƙwallo, an ce mace ba ta shiga. An goge min hotunan wuni guda ina kallo. A ofis kuma a ba namiji aikin, a ce titi ba wurin mace ba ne. Sai dai ban taɓa ganin mai saurin hannunki ba."

Na ce, "To me ya sa ba ki yi fushi kin tafi ba?"

Ta ce, "In na tafi, wa zai ɗauki hoton?"

Sai ta rataya min kyamarar, ta nuna min inda ake leƙawa. Na ɗauki Gwaggo, da izininta, tana harara. Hoton ya karkace, amma Nasrin ta ce ina da ido.

Ba a kore ni ba, daga nan kuma na koyi aikin hoto. Yau shekara ta uku ke nan ina ɗaukar hoton bikin mata, daga Tandabawi har Shisha, Gwaggo kuma ita ke tallata ni.

Watan jiya wata sabuwar mufattisha ta fizge min kyamara a ƙofa, ta nuna min kujerar roba. Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na tuna. Na zauna na harɗe hannu. Wanda ya taɓa ajiye mutum a kujerar nan ba shi da bakin cewa tana da tauri.