Malmala Ta Iso Daga Maraɗi

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Lawali a Tsibiri ba. Lawali ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma Allah ya yi masa sanƙo tun yana saurayi. Ni kuwa na mayar da sanƙon nan abincina. Ba a taɓa yin taron dangi ban tsaya a kansa na gyara hulata ba, wai ina duba madubi. Na kira shi filin ƙwallo, na kira shi faranti, na taɓa ce wa yaransa su riƙa shanya kuɓewa a kai. Mutane su yi ta dariya, ni kuma in ji kamar an naɗa ni sarauta. Shi dai murmushi kawai yake yi, ya ce da ni komai daɗewa zai rama.

To, sai ga tsakiyar kaina ta fara yashewa. Da farko na ɗora wa wanzamin unguwarmu ta Zariya, a nan Maraɗi, laifi, na ce hannunsa ne ya yi nauyi. Da abin ya ci gaba sai na bar zuwa wurinsa, na koma yin aski da kaina a banɗaki. Hula ta zama fatar kaina, a biro wurin aikina da ita, a masallaci da ita, ko shago zan leƙa sai na kafa ta. Alwala ma sai na juya baya in zura hannu ƙarƙashinta in yi shafa. Duk duniya ba wanda nake tsoron ya gani irin Lawali.

Na shiga farmasi na sayo mayukan gashi masu rubutun Faransanci da hoton ƙattin da gashi ya yi musu yawa (har yau ban yafe wa ƙattin nan ba). Na shafa, na murza, na jira. Abin da na samu shi ne ƙaiƙayi da amosani.

Matata Hadiza kuwa ba ta da man kai sai man shanu. Mahaifiyarta ce ke aiko mata daga Jiratawa, ta tsefe kai, ta bi tsaga-tsaga tana shafawa a fata kafin ta tafi kitso. Na sha yi mata tsiya a kan haka. Na ce ƙauyanci ne, na ce mutum da iliminsa ba ya ɗaukar abin miya ya ɗora a ka. Ita kuwa sai ta ci gaba da shafe-shafenta. Ana gobe suna na ji ta a tsakar gida tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa gashin gabanta da ya zube bayan haihuwa man shanun nan ne ya dawo da shi. Na yi kamar rediyo nake saurare, amma kunnena yana can. Da yamma ta wuce Tsibiri don taya mata aikin abinci, ta bar ni da gida.

Mai hankali zai jira ta dawo ya tambaye ta. Amma ni da na gama zagin abu, da wane baki zan tambaya? Da safe na buɗe firigo, wato firij, na ga wani gwangwani cike da man shanu, ya daskare, ruwan ɗorawa, har da ɗan tsaki-tsaki a ciki. Na ce ai man shanu man shanu ne. Na kwaso da yatsu uku na lafta a tsakiyar kai, na ƙara, na sake ƙarawa, don a lissafina yawan mai yawan gashi. Ga shi mura ta toshe mini hanci, ko turaren da na fesa ban ji ba. Na saka farar shaddata mai sitaci, na danna hula, na fita ina taƙama.

Abin da ban sani ba, wanda kowace yarinya 'yar firamare a garin nan ta sani, shi ne man shanu iri biyu ne a gida. Akwai ɗanye, fari, shi ake shafa wa kai. Akwai soyayye, wanda aka narka da albasa don a zuba a kan tuwo. Na Hadiza na kai yana ɗaki kusa da madubi. Ni na tuwo na kwaso.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni a babur ne ya fara. Ba mu bar gari ba ya waiwayo ya tambaye ni ko abinci zan kai wa wani. Na ce ya dubi hanya, ba hira na hau yi ba. A raina ina cewa yaran yanzu ba su da tunani sai na ciki. Ranar bazara ta buɗe sosai, na fara jin wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnena, na ɗauka gumi ne na goge da hannun riga.

Mun isa an riga an raɗa suna, maza suna zaune a rumfa ana rabon goro da dabino. Na gaisa da Kawu, na samu wuri a tabarma kusa da wani dattijo maƙwabcinsu. Ƙudaje suka bar kowa suka yo kaina. Ina kora suna dawowa, ni kuma ina ta tsaki ina cewa mutanen Tsibiri ba su iya share wuri ba (ka ji fa, ni ne ma mai ƙorafi). Dattijon ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya dubi ƙofar gida, ya tambayi na kusa da shi ko har an fara fito da tuwo ne ba a kawo nan ba. Aka ce masa tukuna. Ya sake shaƙa, sai ya juyo ya zuba mini ido. Na ga idonsa ya sauka a wuyan rigata. Na duba, farar shadda ta yi rawaya tun daga wuya har kafaɗa.

Ina shirin miƙewa in sulale sai ga Lawali ya fito daga zaure, kansa a buɗe yana ƙyalli, yana washe baki irin na mai sabon ɗa.

Ya ce, "Bawana, yanzu kaka zuwa? Tara anka yi maka ta makara, kawo hular ga."

Wasan da muka saba ne, na sha fizge tasa. Kafin in kai hannu ya riga ya cire.

Kowa a rumfar nan ya juyo. Kaina ya fito fili, tsakiya fayau, mai yana naso har goshi. Lawali ya tsaya da hula a hannu yana kallo kamar wanda aka yi wa albishir bai gama gaskatawa ba. Sannan ya sa yatsu biyu a hankali ya ɗauko wani abu daga tsakiyar kaina ya ɗaga sama kowa ya gani. Soyayyar albasa ce.

Bai ɗaga murya ba ma. Ya juya wajen ƙofar gida ya ce, "Ku ce ma mata su miƙo miya, ga malmala ta iso daga Maraɗi, har da mai anka zubo mata."

Ban san dattawa na iya dariya haka ba. Kawu da kansa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Dattijon nan ya ce shi dai ya san hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Labari ya shiga cikin gida kafin in karɓi hulata.

Hadiza ta aiko aka kira ni zaure, ta miƙo mini ruwa a buta da sabulu. Na jira faɗa, ban samu ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, na ƙauyen ma akwai na kai, akwai na tuwo. Da ka tambaya da na gwada maka." Ta koma ciki, ina jin mata suka sake fashewa.

Washegari na koma wurin wanzaminmu na ce ya kwashe sauran duka. Bai tambaye ni inda na shiga ba, alamar shi ma ya ji. Yanzu a dangi ba mai kirana da sunana, yaran da aka haifa bayan abin ma Baba Malmala suka sani, kuma ina amsawa, don in na ƙi Lawali zai ba da labarin tun daga farko.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka yi wa mai sanƙo dariya, fara cire hular babanka ka duba. Ni sai bayan an gama da ni na tuna ban taɓa ganin tsohona ba hula ba.