Kwamfutar da Ta Faɗi Shekarunta na Gaskiya

Ranar Litinin na goge takalmina, na sa rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na tafi ofishin lasisin shaguna, na dawo gida da yamma ba abin da na samo sai ciwon baya. Ku yi haƙuri masu karatu, yau ba maganar layin mai zan yi ba, duk da cewa shi ma sai da ya leƙo cikin labarin.

Ga yadda abin ya faro. Uwar 'ya'yana tela ce, tana da ɗan shago a bakin titinmu, keke biyu da teburin yanka da madubin da ya tsage a kusurwa. Makon jiya wasu bayin Allah suka zo da bokitin jan fenti suka zana mata alama a ƙofa, suka ce lasisinta ya ƙare, in ba ta sabunta ba zuwa Juma'a za su garƙame shagon da kwaɗo. A cikin shagon kuwa akwai atamfofin mutane, ɗinkin biki na dangi guda, an yanka an fara haɗawa. Duk wanda ya taɓa ganin idon matar da aka riƙe wa ɗinkin biki ya san kwaɗon hukuma wasa ne. Sai ta dube ni ta ce tunda ni ne mai baki a jarida, in je in gwada bakin nawa inda zai yi amfani.

Da na isa, layi ya fito har bakin ƙofa ya lanƙwasa. Babu wuta, janareto kuma babu mai, domin motar da aka aika sayen man tana can cikin layin gidan mai, ita ma nata ya ƙare. Muka zauna a kan benci muna fifita da takardunmu. Wajen azahar wuta ta zo, muka yi hamdala kamar an yi mana haihuwa. Ma'aikaciyar da ke bayan taga, wata baiwar Allah mai tabarau a ƙarshen hanci wadda kowa ke kira Anti, ta kunna kwamfutarta, ta danna, ta sake dannawa, sannan ta ɗago ta ce mu tafi sai gobe. Wai manhajar buga lasisi ta ƙi buɗewa, ta ce kwamfutar ta tsufa.

Na leƙa ta tagar. Wallahi ledar da aka naɗo kwamfutar da ita ko gama ɓare ta ba a yi ba. Ni da idona na ga bikin ƙaddamar da sababbin kwamfutocin ofishin watan jiya. An kafa rumfuna, an yi hayar kujeru masu riga, Mai Girma Babban Darakta ya yanka kintinkiri da almakashi mai ruwan zinariya, ya ce daga yau ɗan ƙasa zai karɓi lasisinsa kafin ya gama amsa gaisuwa. Tsofaffin kwamfutocin da suke aiki lafiya lau kuwa an ce an yi gwanjonsu, ko da yake har yau ban haɗu da wanda ya ji ƙarar ƙararrawar gwanjon ba. To ga shi cikin wata guda tsufa ya kama sababbin. Na ce Anti, ko iskar ofishin ce? Ta ce in matsa, ina tare mata fanka.

Da yamma na kai kukana wurin maƙwabcina mai gyaran waya da kwamfuta, wanda muke kira Sukudireba saboda kullum akwai ɗaya a bayan kunnensa. Sa'ana ne, tare furfura ta fara mana. Ya tambaye ni ko na ga abin da aka rubuta a jikin kwalin kwamfutocin. Na ce na ga wata lamba goma, ƙatuwa, har a jikin allon bikin sun buga ta. Sai ya ajiye wayar da ke hannunsa ya yi dariya har da tari.

Ya ce in ɗauka kowace kwamfuta gida ce, kuma a cikinta akwai babbar manhaja wadda ita ce maigidan, ita ke riƙe da makullai, ita ke raba ɗakuna. Sauran ƙananan manhajoji, irin ta buga lasisi, baƙi ne. Baƙo kuma ba ya faɗawa gida haka kawai, sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama ya tambaya gidan wa ne, kuma maigidan fitowa ta nawa ne. Maigidan sai ya faɗi sunansa da lambarsa: ni ce wance, fitowa ta takwas, ko ta tara. Da wannan amsar baƙon yake sanin ko gidan zai iya ɗaukarsa. In lambar ta yi ƙasa da abin da yake buƙata, sai ya juya ya ce gidan ya tsufa.

Na ce to ai goma ta fi tara, ko an canza lissafi ban sani ba?

Ya ce, "A wurinka da ni. Wanda ya rubuta musu manhajar lasisin, a zamaninsa ba a wuce bakwai ba, sai ya bar wa amsar gurbin lamba ɗaya tak. Yanzu ta tambaya, kwamfuta ta ce goma. Goma kuwa ɗaya ce da sifili. Ta ɗauki ɗayan, ta bar sifilin a waje. A wurinta wannan kwamfutar fitowar farko ce, kakar kakanni."

Wato sabuntarta ce ta ja mata, da kuma faɗin gaskiya. Na tambaye shi mene ne magani, ya ce gyaran bai fi layi ɗaya ba, a kira wanda ya rubuta manhajar ya ƙara gurbi. Washegari na kai wa Anti wannan bushara da zafinta. Ta saurare ni, ta gyara tabarau, ta ce ɗan kwangilar da ya rubuta manhajar ya daina harkar kwamfuta tuni, yanzu kwangilar kwalbati yake yi, kuma ya tafi da makullin manhajar a aljihunsa. Amma kada in damu, an kafa kwamiti.

A nan dole in cire hula in yaba wa shugabanninmu, domin ba su yi barci ba. Kwamitin Binciken Musabbabin Tsufan Kwamfutoci ya tare a otal, saboda a ofis babu wuta, ya yi zama na safe da na yamma tare da hutun shan shayi a tsakani. Ranar Laraba ya fito da shawara mai cike da hangen nesa: tunda kwamfutocin sun tsufa, a sayo sababbi, fitowa ta goma sha ɗaya. Da na gaya wa Sukudireba sai da ya riƙe ciki. Ya ce goma sha ɗaya ai ɗaya ce da ɗaya, ko sun sayo ta goma sha tara, ɗayan nan na farko yana nan yana jiransu. Ni dai ban yi dariya ba. A daren nan uwar 'ya'yana ta fara naɗe atamfofin mutane tana cusawa a buhu don ta kwaso su gida. Shagon nan shi ya riƙe gidanmu duk shekarun da jarida ke biyana da godiya.

Ranar Alhamis na yanke shawarar tarar Mai Girma Babban Darakta da kaina. Ba zan ɓoye muku ba, na san shi. Yana gaban yayana da aji biyu a makaranta, shi ne ma mai kaɗa musu ƙararrawa. Yayan nawa ya yi ritaya saboda shekaru tun ƙaramar 'yata tana rarrafe, yanzu haƙoransa a kofi suke kwana. Shi kuwa Mai Girma, cikin ikon Allah, yana nan a hamsin da takwas. Ya shiga hamsin da takwas ya ga wurin da ni'ima, ya shimfiɗa tabarma. Gashin kansa baƙi wuluk, har ya fi na takalmina sheƙi, sai dai in rana ta yi zafi baƙin yakan ɗan sauko ta bayan kunne.

Na tsaya a gindin bene har ya fito, mutum biyu na riƙe masa da wayoyi, ɗaya na riƙe da jaka. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, na ambaci sunan yayana. Ya ce Allah sarki, yaya jikin tsoho? Na haɗiye wannan na ce da sauƙi. Sannan na zayyana masa duk abin da Sukudireba ya koya mini, gida da maigida da baƙo, da goma da ta koma ɗaya. Ina yi ina jiran ya kore ni. Sai na ga ya tsaya cak, ya miƙa wa na kusa da shi wayar da yake latsawa, ya ba ni hankalinsa gaba ɗaya.

Ya ce, "Tsaya tukuna. Ita manhajar, in an gaya mata lamba, tana zuwa ta bincika ne?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Abin da aka faɗa mata shi take ɗauka."

"Ba ta neman shaida?"

"Ba ta nema."

Ya dubi mutanensa kamar wanda aka ɓata wa lokaci. Ya ce, "To wa ya ce wa kwamfutar ta faɗi goma? Don an tambaye ka sai ka faɗa? A je a rubuta mata takwas."

Aka kira mai kula da kwamfutocin ofishin, wani dattijo da ke fama da mura. Ya ce lalle akwai wurin da ake sa babbar manhaja ta gaya wa baƙo lambar da ba tata ba, an tanade shi ne don lallaɓa tsofaffin manhajoji kafin a gyara su. Ya ce shi bai taɓa ba ne saboda ba a ba shi umarni a rubuce ba. Mai Girma ya ce irin wannan ba a rubuta shi. Muka ɗunguma zuwa tagar Anti, ni da Mai Girma da masu riƙe da wayoyi da rabin layi. Dattijon ya danna nan ya danna can, ya zaɓi takwas. Manhajar lasisi ta yi sallama, ta tambaya, kwamfuta ta amsa ba ko ƙifta ido, ƙofa ta buɗe.

Jama'a suka ɗau tafi. Wani a bayana ya ce da tsohuwar zuma ake magani, sai na kusa da shi ya taka masa ƙafa, ya gyara ya ce yana nufin zuma mai matsakaicin shekaru. Abin da kwamiti ya kasa a otal, gwaninta ta warware shi a gindin bene, domin kowa da fagen da ya ƙware. Ni ma na tafa, kuma ba tafin munafunci ba ne, lasisin uwar 'ya'yana ne na farko da ya fito, da ɗuminsa.

Na kai mata shi a shago. Ta karanta shi sama da ƙasa, ta liƙa a jikin madubi daidai inda ya tsage, ta zazzage buhun atamfofin a kan tebur ta hau keke. Ta ce ashe bakin nawa yana da rana. Cikin shekarun aurenmu wannan ce lambar yabo mafi girma da na samu, kuma na karɓa hannu bibbiyu.

Sukudireba ne ya so ya ɓata mini murna. Ya ce wannan ba gyara ba ne, ɗaurin zare ne, ramin yana nan an rufe shi da tabarma, kuma duk ranar da aka kawo wata manhaja mai buƙatar goma za a ga ta kansu. Na ce ya bari sai ranar ta zo. Amma da na zauna rubuta wannan shafi sai abin ya tsaya mini a rai. A duk ginin nan, daga mai gadi har saman bene, ma'aikaci ɗaya ne aka tambaya shekarunsa ya faɗi gaskiya, kuma shi ne aka ce ya tsufa ba ya iya aiki. Bai samu karɓuwa ba sai da aka koya masa al'adar gidan. Ni kuma da ke cika muku kunne kowane mako da wa'azin gaskiya, ni na kai rahotonsa wurin malamin. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ga ɗanta can liƙe a madubin matata, da hatimi da sa hannu.

Jiya na bi ta ofishin don in yi wa Anti godiya. Na tarar kwamitin bai watse ba, an sauya masa suna zuwa Kwamitin Tabbatar da Ɗorewar Nasara, kuma maganar sayo fitowa ta goma sha ɗaya tana nan daram, sai dai an ƙara sharaɗi cewa su ma za a rubuta musu takwas tun daga kwali. Na tambayi Anti har yaushe kwamfutar tata za ta zauna a takwas. Ta leƙa hagu da dama, ta sauke murya ta ce Mai Girma ya ce a bar ta haka na wucin gadi, zuwa ranar da zai yi ritaya.

Na yi wa kwamfutar murna. Ta samu aiki na har abada.