Bindigar da Na Kai Wushe-Wushen Modu

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta da ranar wushe-wushen abokina Modu. In ma na yi ƙoƙarin mantawa, akwai mutanen Limanti, unguwar su amaryarsa, da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min.

A lokacin ina da ɗan teburi a gefen Kasuwar Litinin, ina tura wa mutane fina-finai a waya. Shekarar da aka yanke layin waya a Maiduguri ce, waya ba ta da wani amfani sai kallo da haska ɗaki, ga dokar hana fita tana kora kowa gida da wuri. Kasuwata kuwa ta buɗe. Da yake kowane fim sai na kalla kafin in tura, sai na wayi gari na zama malami a fanni guda: bindigogin fina-finan jaruman nan masu rufe fuska su ceci duniya. Akwai wani fim da nake ji da shi, na wani jarumi mai baƙar riga. Shi ba ya tashi sama, ba ya ɗaga mota, bindigoginsa ne ƙarfinsa. Na san ta ƙugunsa, na san ta ƙwaurinsa, na san doguwar da yake haɗawa guntu-guntu a kan rufin bene. Duk wanda ya zo karɓar fim ɗin sai na tsare shi na yi masa bayanin kowacce, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. (Maganar gaskiya, ko bindigar harbin tsuntsu ban taɓa riƙewa ba. Sojan da ke shingen hanyarmu ta Gomari ma takalminsa nake kallo in zan wuce.)

Modu Babarbare ne, ni kuma iyayena Kanawa, amma layi ɗaya muka tashi. Da aka sa ranar aurensa da Falmata, ni ne babban aboki. Sai dai ba don Modu kaɗai nake zaryar gidan su amarya ba. Falmata tana da ƙanwa, Yagana, wadda na daɗe ina so ban iya faɗa ba. In ta gaishe ni sai in amsa da "lafiya lau" tun kafin ta tambaya.

Wata rana ni da Modu muka je gaida kakarsu, wadda kowa ke ce wa Kaka Hajja. Ita ce mai faɗa a ji a gidan, ba a ba da 'yar gidan sai ta gyaɗa kai. Muka same ta cikin ɓacin rai. Ga wanda bai sani ba, wushe-wushe shi ne taron da ango ke zuwa gidan amarya da abokansa, a tarbe shi da ganga da algaita, a zaunar da shi kusa da ita. A da dare ake yi, kuma ango yana sa ƙafa a ƙofa ake harba bindigar gargajiya sama, gari ya san an yi baƙo na musamman. A shekarun nan kuwa taron ya dawo bayan la'asar, maganar bindiga kuma ko a mafarki.

"Ni da aka kawo mijina," in ji Kaka Hajja, "sai da bindiga ta tashi har kajin maƙwabta suka haura katanga. Uwarsu ma haka. Ita kuma Falmata za a shigo da nata shiru kamar ya zo satar akuya."

Modu ya sunkuyar da kai. Yagana tana gefe tana zuba turaren wuta a kasko. Na dube ta, na dubi tsohuwa, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Kaka, in dai bindiga ce, ki bar min wannan."

Yagana ta ɗago ta kalle ni. Kallon nan ne ya ƙarasa ni.

Dabarata mai sauƙi ce: in yanko ƙarar bindiga daga fim ɗin jarumina, a saka a manyan lasifikan biki daidai lokacin da ango zai shigo. Na yi kwanaki ina zaɓe kamar mai zaɓen ragon layya. Ta ƙugu ta yi ƙanƙanta, kamar an fasa leda. Mai ruwan harsashi kuwa ba ta yiwuwa, don ta yi kama da abin da muke ji da gaske. A ƙarshe na tsaya a kan ƙatuwar da jarumin ya saɓa a kafaɗa ya kakkaɓo jirgin mugaye a ƙarshen fim. Harbi ɗaya ne, mai nauyi, kuma yana tashi kiɗan nasara ke biyo baya. Na bar kiɗan da gangan, don kowa ya san murna ake yi.

Kada ku ɗauka ba ni da hankali. Na san garin da nake. Sai da na je wurin Bulama, mai unguwar su amarya, na kunna masa a waya. Ya yi dariya, ya ce in dai sau ɗaya ne kuma da rana, zai sanar da samarin da ke tsaron bakin layi da gorarsu, shi da kansa kuma zai gaya wa sojojin da ke kusa. Daga nan na bi layin gida-gida. Na gaya wa mai shago, na gaya wa liman, na gaya wa mata masu girki. Har wata mai tsohon ciki na ba shawarar ta toshe kunne. Kowa nakan ce masa, da muryar wanda ya ga duniya, "Za ku ji ƙara, kada wanda ya tsorata. Fim ne kawai."

Yagana kuwa na keɓe mata nata jawabin. Na ce, "Ke dai in kin ji gabanki ya faɗi, ki tsaya kusa da ni."

Ta ce, "To, Yaya. Allah ya kai mu."

Ranar ta zo. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa darduma, mata sun sha lafaya, ƙamshin turare har bakin titi. An kawo wa Kaka Hajja kujera mai hannu an ajiye a gaba. Mai kayan sauti wani Bitrus ne, mutumin kirki mai bin umarni sak. Da yake babu layin da za a kira a ji ko ango ya taso, sai na ce masa, "Kana hango hular Modu a bakin rumfa, ka danna. Kada ka jira ni, kada ka rage murya."

Ya ce, "An gama, oga."

To, sai ango ya makara. Ashe an tsayar da su a shinge, an sauke kowa daga mota, har shi angon da babbar rigarsa, ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma muna ta jira. Makaɗa suka gaji suka zauna. Ni da na yi niyyar tsayawa kusa da Bitrus sai na fara zagaye, ina gyara hula, har Allah ya haɗa ni da Yagana riƙe da farantin shinkafa da nama. Ta ce nawa ne. Ita da kanta ta zubo min.

Jama'a, a nan lissafi ya ƙwace min. Na manta da Modu, na manta da Bitrus, na manta da abin da ya tara mu. Na juya wa ƙofa baya, faranti a hannu, na shiga yi mata karatu. Na gaya mata yadda ake gane bindiga daga ƙararta. Na gaya mata cewa yawancin mutane ba harsashi ke cutar da su ba, ruɗewa ce. Na tuna sarai ina tsakiyar cewa, "Shi namiji, abin da ake so a wurinsa shi ne natsuwa…"

Sai duniya ta tsage.

Abin da nake ta ji a 'yar wayata daban, abin da ya fito daga lasifikan Bitrus daban. Har a haƙorina na ji shi. Ban san lokacin da farantin ya bar hannuna ba. Na dai ji wani yana kururuwa, "Sun shigo! Wayyo Allah, sun shigo! Kowa ya kwanta!" kuma sai daga baya na gane muryata ce. Na tsallake darduma, na ture wani maroƙi, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri, na faɗa bayan kujerar Kaka Hajja na dunƙule, na cusa kaina ƙarƙashin gefen lafayarta ina kalmar shahada.

A nan kwance na fara jin kiɗa. Ƙahonni da ganguna, kiɗan nasarar jarumi, wanda ni da hannuna na bari.

Na leƙo a hankali. Ba wanda ya motsa daga inda yake. Mata suna zaune, yara suna tsaye, mai tsohon ciki ta cire yatsunta daga kunne tana kallona da tausayi. Modu yana bakin rumfa da abokai, ƙafa ɗaya a gaba, baki buɗe. Ai dole, na bi kowa na gaya masa kada ya tsorata. Mutum ɗaya ne a duk Limanti ban gaya wa ba.

Kaka Hajja ta ja lafayarta, ta leƙo ta gefen kujera ta yi min sannu da Barbarci ta ce, "Wushe, mai bindiga. Ka fito, an ci yaƙin."

Dariyar da aka yi ta fi harbin ƙara. Mata suka rangaɗa guɗa suna hawaye, makaɗa suka tashi da ganga, maroƙin da na ture ya miƙe ya fara yi min kirari. Na fito ina kaɗe riga, na ce ai gwada su nake yi in ga ko sun ji gargaɗina. Ba wanda ya ko saurare ni. Yagana ta zo da takalmina a hannu, shinkafa a kafaɗarta, ta ce, "Yaya, na nemi kusa da kai ɗin ban samu ba. Ka yi sauri da yawa."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Abin bai tsaya nan ba, don mai ɗaukar bidiyon biki ya kama komai, daga tashin faranti har shiga lafaya. Kafin mako ya zagayo ya bi wayoyin gari. Sai mutum ya zo teburina da fuskar mutunci ya ce, "Malam, a tura min fim ɗin nan na jarumin Limanti." Na daina bayanin bindiga. Na daina bin hanyar gidan su Yagana, don a ganina magana ta ƙare. Wa zai ba da 'yarsa ga wanda ya bar ta tsaye ya ɓuya a bayan kakarta? Abin ya dame ni ƙwarai, fiye da yadda nake nunawa.

Modu ne ya zo ya ja ni dole, wai Kaka Hajja na nemana. Na shiga ɗakinta kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Haƙurin me? An harba wa jikata bindiga, an kuma yi dariya a gidan nan. Ka san rabon da in ji an yi dariya haka?" Ta gyara zama. "Modu ya ce kana son Yagana."

Na ce, "Da ina so, Kaka. Yanzu ai na san ban kai ba."

Ta kalle ni, fuskarta ba wasa. Sannan ta ce, "Ɗan nan, layin nan kaɗai mata nawa ne suka yi takaba? Duk mazansu masu tsayawa ne su ga me ke faruwa. Ni mai gudu nake nema wa jikata, wanda zai dawo gida da yamma. Sharaɗina ɗaya ne: in za ka sake gudu, ka riƙe hannunta ku tafi tare."

Daga bayan labule na ji wata ta ƙyalƙyale da dariya, na kuma san ko wacece.

A wushe-wushenmu ba a harba komai ba. Bitrus ya yi tayi, na ce ya rufa min asiri. Abin da na koya dai shi ne, in za ka bi gari kana hana mutane tsoro, ka fara da ƙafafunka, don su ba sa kallon fim. Har yau in yara suka kunna na jarumai a gida aka fara harbe-harbe, Yagana takan miƙo min hannu ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Ga shi, kada ka tafi ka bar ni."