Keken Maman Dauda Ya Tafi Tallafi

Jama'a, yau da safe na buɗe shagona da ke Sabon Gari a nan Gusau, na yi sallama, muryata ta dawo mini. Shagon da sai a karkace ake shigarsa saboda kaya, yanzu ko birgima kake so ga fili. Abin da ya rage gwangwanayen fenti ne, da wata fanka mai karyayyen wuya, sai ni. Maƙwabcina Labbo ya leƙo ya tambaye ni ko ɓarayi ne suka kwana a ciki. Na ce masa a'a, alherin manya ne ya biyo ta kaina. Ya girgiza kai ya ce ai da ɓarayin ne da sauƙi, su ana iya kai ƙararsu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bawa, sana'ata gwanjo. Ba na tufafi ba, na kayan ƙarfe. In sayi tsohon abu a hannun wanda ya matsu, in wanke, in ɗiga masa mai, in sayar wa wanda ya samu sarari. Fanka, rediyo, dutsen guga, duk ina taɓawa, amma ƙarfina kekunan ɗinki ne. Ba sata nake yi ba, ba kuma sadaka na buɗe ba. Riba nake ci, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Da daminar da ta wuce wata tela a layinmu, Monica, wadda kowa ke kira Maman Dauda, ta kawo mini kekenta. Mijinta ne ya kwanta asibiti, abin hannu ya ƙare. Keke ne irin na da, baƙi, mai nauyin tsiya, wanda ƙarfensa ƙarfe ne ba gwangwani ba. Ta sayar mini, amma ta roƙe ni kada in sayar wa kowa. Kafin Kirsimeti za ta dawo ta fanshi abinta, domin ɗinkin Kirsimeti shi ne shekararta, a cikinsa kuɗin makarantar yara suke. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na riƙe. A sana'armu kuwa idan ka ce ka riƙe, to ka riƙe, ko da mai saye ya zo da kuɗi a buhu.

Ana nan sai ga Tajuddeen, ɗan koren wani babba, da wayoyi biyu a hannu ɗaya da turare mai hana numfashi. Ba zan faɗi sunan ubangidansa ba, mu dai kira shi Mai Girma Inuwar Marasa Rumfa, Allah ya ƙara masa faɗi. Tajuddeen ya ce tausayin mata ya hana Mai Girma barci, ya ƙudura sai ya raba musu kekunan ɗinki a Gusau da Tsafe da Bungudu don su dogara da kansu. Dozin guda yake so. Na fara lissafin riba a raina, sai ya ce ba saye zai yi ba, haya.

Kada ku yi dariya, wannan ci gaba ne. A da sabbi ake saye a raba, washegari matan su kawo mana mu saya, mu kuma mu sayar wa ɗan kwangila, a sake rabawa. Doguwar hanya, ga asarar kuɗin mota. Sai Allah ya kawo masu zurfin tunani suka gajarta ta. Yanzu a yi wa keke fenti, a naɗe shi da leda, a ɗaura masa jan ƙyalle, a kai fili. Mace ta fito ta ɗora hannu a kai, a ɗauki hoto, a tafa. Ta zagaya bayan rumfa ta karɓi kuɗin mota da ƙullin taliya, keke kuma ya koma mota. Ba wanda ya wahala da dako. Wallahi duk wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ya cancanci a sa wa titi sunansa, ko da titin ma na haya ne.

Na ƙirga kekunana na ga saura ɗaya dozin ya cika. Idona ya faɗa kan na Maman Dauda a lungu. Na ce wa raina ai fita shan iska kawai zai yi ya dawo, har da sabon fenti kyauta. Na cika dozin da shi.

Taron farko a Damba aka yi, nan cikin Gusau, ya tafi sumul. Matan gari sun san aikinsu. Akwai wata baiwar Allah da na ga an tallafa mata sau uku da hijabi kala uku, kuma kowane karo da irin murmushin da take yi. Da yamma kekunana suka dawo cif, ko ledar ba a yage ba.

A Tsafe aka samu matsala. Ƙwararrun masu karɓa sun ce ba za su hau hanyar nan a kan ƙullin taliya ba, sai aka tattaro mata daga kasuwa aka cike layi. Cikinsu akwai Rukayya, daga wata ruga a bayan Bilbis, ta kawo nono sayarwa aka ce ta ajiye ƙwarya ta zo. Ba wanda ya yi mata bayanin bayan rumfa. Ta ji an faɗa a lasifika cewa keken nan nata ne halak malak, ita kuwa a inda ta fito, idan babba ya yi magana a gaban jama'a magana ta zauna. Ashe ta koyi ɗinki a wurin gwaggonta, keke ne kawai ba ta da shi. Ta fashe da kuka na gaske, ta yi ta zuba wa Mai Girma addu'a. Masu hoto suka yi caa a kanta, domin sun daɗe ba su ga hawayen da ba a biya ba. Kafin Tajuddeen ya gama rabon ambulan ga 'yan jarida, ita da mijinta sun ɗaure keke a bayan babur sun yi daji. Kuma a cikin dozin ɗin nan kaf, na Maman Dauda ne ya faɗo a hannunta.

Na kama Tajuddeen na ce a bi ta. Ya ce in rufa masa asiri, matar nan hotonta ya riga ya hau allo a bakin hanya, tana kuka Mai Girma yana murmushi. Wa zai je ya ƙwace keke a hannun allo? Ya ce in yi haƙuri, za a duba. Ku da kuka san manya kun san inda ake ajiye abin da za a duba.

Na shirya da kaina na tafi Bilbis, na yi ta tambaya har rugar. Na tarar da Rukayya a gindin bishiya tana taka keke, mata sun kewaye ta da yadukansu. Da ta ji daga Gusau nake, sai ta ɗauka Mai Girma ne ya aiko ni duba lafiyar keke. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka dama fura da nono mai kauri. Ta ce in gaya masa ta gode, kuma wai an ce sabo ne, amma ita ta ga kamar ya san aiki tun da daɗewa. Na buɗe baki in yi bayani, maganar ta ƙi fita. Har yau ban tantance ba, kunya ce ta hana ni ko sandar da mijinta ya jingina kusa da gwiwarsa. Na shanye fura, na ce za a isar da saƙo.

Ranar da Maman Dauda ta zo fansar kekenta, Disamba ta riga ta kama, masu ɗinki sun fara yi mata sintiri. Na zaunar da ita na faɗa mata komai. Na so ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Na nuna mata wani keke a madadinsa, ta taka sau biyu ta ce wannan ko tsumma ba zai haɗa ba, kuma gaskiyarta, domin keken hoto ba a buƙatar ya yi ɗinki. Akwai wani mai kyau a shagon, mai yin ado, wanda kuɗinsa ya ninka nata. Ta kalle shi, ni kuma na kalli rufi. Abin da ta tambaya kawai shi ne ina za a yi taro na gaba. Na ce Bungudu.

Dama Tajuddeen yana ta neman mace Kirista da za a sa a gaba, don duniya ta shaida Mai Girma ba ya nuna bambanci. Ni da bakina na ba da sunanta, ina ganin kuɗin mota da taliya za su ɗan sanyaya mata rai. Ta ce za ta zo, har za ta taho da ƙawayenta na zumuntar mata don hoto ya yi kyau. Tajuddeen ya yi ta sa mini albarka.

Jiya aka yi na Bungudu. Ga matan zumunta da zanensu iri ɗaya, ga masu hijabi, an jeru. Na lura Maman Dauda tana ta bin layi tana yi wa kowa raɗa, na ce gaisuwa ce. Aka kira ta farko, ta wuce kai tsaye ta dafa keken nan mai ado. Aka miƙa mata abin magana don ta yi godiya. Ta rusuna da ladabi ta ce:

"Ranka ya daɗe, mun gode. Tambaya ɗaya gare mu. Mu tafi da su gida yanzu?"

Mai Girma ya dubi masu hoto, masu hoto suka dube shi, ya gyara babbar riga ya ce, "Ƙwarai kuwa, ai naku ne."

Jama'a, ban taɓa sanin mace na iya ɗaukar keken ɗinki da teburinsa a ka tana waƙa ba sai jiya. Masu zane da masu hijabi suka kama wa juna, wannan ta ɗora wa waccan, guɗa ta tashi. Na ruga ina cewa a tsaya, kayana ne. Masu tsaron Mai Girma suka riƙe ni ta wuyan riga, wai ga wani marar imani zai ƙwace wa mata tallafi. Wata tsohuwa har da dungure mini kai. Kafin su sake ni fili ya watse, wayoyin Tajuddeen duka biyun kuma sun mutu lokaci guda.

Da na dawo Gusau na bi ta gidan Maman Dauda. Tun daga ƙofa nake jin keke yana gudu kamar ana binsa. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta tambayi gajiyar hanya. Na ce mata abin da ta yi mini bai dace da maƙwabtaka ba. Ba ta ɗaga ƙafa daga keke ba ta ce:

"Malam Bawa, kai ka ce ka riƙe mini keke. Shi kuma ya ce ya ba ni keke. A cikinku biyu, wanda ban taɓa zaton zai cika magana ba shi ya cika."

Na sha zagi a kasuwa iri-iri, amma ba a taɓa auna ni da babban mutum aka ce ya fi ni cika alkawari ba. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Na tashi na fito ban ko taɓa ruwan ba.

Ɗazu na ji a rediyo wata ƙungiya za ta ba Mai Girma lambar yabo, wai shi ne gwarzon da ya raba kekuna mata suka kai har gida. Ina taya shi murna da zuciya ɗaya. Roƙona kawai, ranka ya daɗe, idan an gama hoto da lambar kada a jefar da ita a lungu. A aiko mini. Tagulla ce ko dalma, ina da mai saye.