Angon da Aka Nema Aka Rasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin aurena ba, duk da cewa in za a faɗi gaskiya, ban halarta ba.

Bari in faro daga tushe. Tun ina sakandare wani jarumin finafinan Turawa ya shiga raina, mai tashi sama, harsashi ba ya kama shi. Mu a Yelwa Mai Alkyabba muke ce masa. Na girma, na zama malamin makaranta har da gemu, amma son bawan Allahn nan bai sake ni ba. Sai aka ce an fito da sabon shiri mai dogon zango a kan garinsu, da hotonsa ɓaro-ɓaro a jikin tallar. Na zuba data na gyara zama. Kashi na farko, makanikinsa ne ke rigima da mai gidan haya. Na biyu, ƙanwar makanikin ta yi saurayi. Shi gogan kuwa kullum wai ya yi tafiya. Sau ɗaya aka nuno alkyabbarsa rataye a ƙusa, har na miƙe ina tafi (ni kaɗai a ɗaki, Allah ya rufa asiri), ashe wanki za a kai ta. Haka shirin ya ƙare a satin bikina, ya bar ni da baƙin cikin da ban samu wanda zan juye wa ba.

Surukina Malam Hamza dattijo ne a Ƙofar Wambai. Masu motoci sun nemi 'yarsa Rumasa'u ya hana, ni ya ba ni saboda abu guda: natsuwa. Da bakinsa ya ce wa baffana, “Yaron nan ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya yi shawara kafin ya kore shi.” Ni ma na riƙe wannan suna da kyau. In na je gaisuwa kaina a ƙasa yake har in fito.

Ranar Asabar da hantsi masallacin unguwar ya cika. Ana jiran liman sai na hango Bulus, abokin aikina mutumin Bogoro, ya kafe babur a gindin dogon yaro yana jira a waje. Na ce bari in fita in yi masa sannu da zuwa in dawo.

“Ango ka sha ƙamshi!” in ji shi. “Ka ga ƙarshen shirin nan kuwa? Gaskiya ya yi daɗi. Ni makanikin nan ma ya fi mini Mai Alkyabba.”

Na ce, “Bulus, maimaita.”

Ya maimaita. To daga nan ban san inda hankalina ya tafi ba.

Matsalar ita ce ɗaurin aure ba ya jiran ango. Baffa Sale ne wakilina, ya nema, waliyyi ya bayar, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha. Sai da aka zo kai ango ya gai da surukai aka ɗaga kai babu ni. Dattijai suka fito nema, Malam Hamza a gaba, mai ɗaukar bidiyo a biye.

Suka same ni a kan bencin mai goro. A tsaye. Hula ta faɗi, na baje hannuwan babbar riga, na dunƙule hannu ɗaya sama, ina nuna wa Bulus yadda ya kamata jarumin ya diro a kashin ƙarshe. Na ga Bulus yana ta ƙifta mini ido, na ɗauka hujja ce ta ƙare masa, sai na ƙara ɗaga murya:

“Wane irin rashin mutunci ne a tara jama'a da sunan mutum, shi kuma a neme shi a rasa?”

Daga bayana wata murya ta ce a hankali, “Mu ma abin da ya fito da mu ke nan, Malam.”

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na sauko zan durƙusa, rigar ta maƙale a ƙusar benci, ta ce ƙyat. Baffa ya rufe fuska da hula. Bulus kuwa nan take ya gano tayar babur ɗinsa na buƙatar dubawa. Malam Hamza ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wajen Baffa ya ce, “Alhaji, wannan ne dai wanda na bai wa, ko ƙaninsa ne?”

Aure dai ya riga ya ɗauru, sunan natsuwa ne ya tafi bai dawo ba. Har yau in na je gaisuwa, sai Malam ya gama amsawa ya ce, “Ya mutumin naka, ya dawo daga tafiyar?”

Bidiyon bikin yana nan. Akwai liman, akwai Baffa, har mai goro ya fito da kyau. Ni sai can ƙarshe, a kan benci. Rumasa'u ta ce shirin ya fi tsari kafin jarumin ya bayyana.

Tun daga ranar na daina zagin masu shirya finafinai. In sun ɓoye jarumi, ina kyautata zaton sun san halinsa ne, asirinsa suke rufawa.